Turmi a Gindin Katangar Hajiya

Kun ce a duk makaranta babu aikin da ya kai na malamin motsa jiki sauƙi. Da kunnena na ji ku ranar da aka turo ku koyon aiki, kuna zaune a gindin darbejiya kuna rabon darussa, wani dogo a cikinku ya ce shi dai a ba shi filin wasa ya huta, ai busa usur ne kawai. Ban tanka ba a ranar, don kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Amma tunda na kusa ajiye aikin nan, usur ɗin kuma a wuyan ɗayanku zai koma, bari in faɗa muku abin da ke rataye a jikinsa.

Aikin farko da aka ba ni a filin wasa tsintar ƙaya ne. A firamare ta Getso ne, ina sabuwar malama, ni ce ƙarama a cikin malamai, don haka darasin da kowa ya ƙi shi aka jibga mini. Hedimasta ya haɗa ni da wani dattijo da ake kira Baba Kofur, tsohon soja ne da ya dawo gida, yana koya wa yara fareti don sha'awa. Na fito da sabon takalmina ina ƙwas-ƙwas, na ɗauka usur zai miƙo mini. Sai ya miƙo mini kwando.

Ya ce, "Cire takalmin, Malama."

Na ce, "Baba, a nan?"

Ya ce, "Yaran da za ki sa gudu a nan, takalmi gare su? Taka filin da tafin ƙafarki daga wannan kuka zuwa waccan. Abin da ya soke ki, shi zai soke su."

Kafin in kai rabi na san bambancin sukar tsidau da ta ƙarangiya, na tsinci fasasshiyar kwalba da tsohuwar ƙusa, ƙafata kuma ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, wanda da yaro ne a guje ya faɗa, sai dai a nemi mai ɗori. Tun daga ranar ban taɓa sa yara gudu a filin da ban taka shi da kaina ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da ladabinsa. Toka muke zana layi da ita, yara su kwaso daga murhun gidajensu, a tankaɗe ta, don gawayi da ƙusa kan biyo ta. Igiyar tsalle ta rama muke tufkawa, a ƙulla bakinta, a auna ta da tsawon yaro: ya taka tsakiyarta, bakin biyu su kai hammatarsa. Tulun ruwa a inuwa yake zama da moɗarsa, ba a fara wasa sai an cika shi. Usur kuwa, Baba Kofur cewa yake kamar tsawar uba ce, in ta yi yawa sai ta zama kiɗa. Sau tari sai a gama darasi bai busa ba sai na farawa da na tsayawa.

Babban abin da ya koya mini shi ne inda zan tsaya. Ranar da na fara sa tsere, na ruga gaba ina yi wa wanda ya zo na ɗaya tafi. Baba Kofur ya yafito ni. Ya ce, "Na gaba ba ya buƙatarki, 'yata, Allah ya riga ya ba shi. Koma baya. Na baya shi ne aikinki." A bayan layi na koyi sauraron numfashi. Hakin mai ƙiwa daban, na wanda ya fito bai karya ba daban, na mai asma yana da ɗan fito a ciki, mai sikila kuwa tun kafin ya yi haki za ki ga leɓɓansa sun canja, a zaunar da shi a ba shi ruwa. Sai kuma wata magana tasa da ban gane nauyinta ba sai bayan ya rasu. Ya ce yaro ba jaki ba ne da ake kora daga baya, a gaba ake ajiye masa abin da zai bi.

Ni dai har yau ban daina mamakin jikin ɗan Adam ba. Duk abin da na sani a duniya, amfani ke cinye shi. Takalmi ya suɗe, tsintsiya ta gajarce, fartanya ta cinye har ta koma kamar cokali. Jiki kaɗai ne in an mora shi yake ƙaruwa, in an adana shi yake lalacewa. Na ga yarinyar da ba ta iya tsallake igiya sau ɗaya a farkon zango, kafin hutu ƙafarta ba ta ko jin ƙasa. Ba allura aka yi mata ba, ba wani abu aka ƙara mata ba, abin yana cikinta tun asali yana jiran a taɓa shi. In na tsaya a bayan layi ina kallon irin wannan, tasbihi nake yi a zuciyata.

Masu hulɗa da mu a wannan sana'a ba yara ba ne kawai, iyaye ne, kuma su suka fi wuyar sha'ani. A Getso, a wancan lokaci, ƙorafinsu shi ne yaro ya yi noma, ya yi kiwo, ya ɗebo ruwa, sannan a zo makaranta a ce ya yi gudu, wa ya biyo shi? Kuma da gaskiyarsu. Da aure ya kawo ni nan Kabo na nemi canjin wurin aiki, sai na tarar zamani yana juyawa a hankali. Injin niƙa ya karɓe daka da surfe, famfo ya zo ƙofar gida, babur ya karɓe tafiyar ƙafa, daga baya waya ta zo ta zaunar da kowa. 'Yan mata kuma da sun fara tasawa iyaye ba sa son a gan su suna gudu a fili maza na wucewa. Ban yi jayayya da kowa ba. Na mai da su bayan azuzuwa, can gindin katanga, muna tsallen igiya da gaɗa da 'yar gala-gala, ba mai ganinsu sai ni da tsuntsaye.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce wadda aka rufe makarantu saboda annoba. Da aka buɗe, na tarar gara ta cinye igiyoyina, tulu ya fashe, wani bawan Allah ma ya shuka wake a gefen filin. Wannan duk mai sauƙi ne. Yaran ne suka ba ni tsoro. Waɗanda ke zuwa daga ƙauyuka sun dawo a bushe, gona ta gyara su. Amma 'ya'yan cikin gari, musamman na gidajen da ake da hali, wasu sai da na kalle su sau biyu kafin in gane su. Riga ta matse, zagaye ɗaya na fili sai su dafe gwiwa.

A cikin wannan hali aka kira mu bita a Gwarzo, ma'aikatan lafiya suka tara malamai. Wata nas mai natsuwa, Sista muke ce mata, ta yi mana bayanin ciwon suga. Ta ce irin wanda muka sani na manya yanzu ya fara leƙo yara, musamman yaron da ciwon yake a gidansu, ga ƙiba, ga zama. Ta ce tsokar jiki ita ce babbar mai cin sugan da ke yawo a jini, in tana aiki sai ta janye shi ta ƙone, in ta kwanta sai ya taru. Sannan ta ba mu wata alama. Ta ce mu lura da wuyan yara. In muka ga baƙi-baƙi mai kauri ya zagaye wuya kamar dauɗa, ana wankewa ba ya fita, to ba dauɗa ba ce, jiki ne ke sanar da cewa ya fara gajiya da sugan, a kai yaron a duba shi. Tun ina zaune a wurin na san wuyan da take nufi.

Ummi ke nan, 'yar aji biyar, 'yar Alhaji Sani mai sayar da hatsi. Yarinya mai fara'a, ga kai, ga kyauta, kullum jakarta da alawa da lemon kwalba tana raba wa ƙawaye. Babur ke kawo ta, babur ke mai da ita, alhali katangar makarantarmu ita ce ta raba mu da bayan gidansu. Duk lokacin wasa a gindin bishiya take zama tana gadin takalman 'yan ajinsu, don tun tana aji ɗaya aka aiko daga gida cewa kada a sa ta gudu. Wata rana hijabinta ya zame tana shan ruwa, na ga wuyan. Baƙi ne mai kauri, gefensa kuma ya yi ja ya saɓule. Na tambaye ta, ta ce kakarta ce ke dirje mata shi da soso da sabulun salo, wani lokaci har da dutsen goge kaushi, wai ƙazanta ce ta ƙi fita.

Mahaifinta bai ba ni wahala ba, don shi ciwon ya riga ya kama shi. An yanke masa yatsun ƙafa, idonsa kuma ya fara dushewa, sai an matso kusa yake gane mutum. Ya sa mahaifiyarta ta kai ta asibiti a Gwarzo, na raka su. Sista ta duba ta, aka ɗebi jini, da sakamako ya fito ta ce ciwon bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. A rage zaƙi, yarinya ta riƙa motsa jiki kullum har ta yi gumi, a riƙa kawo ta ana dubawa. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, lafiya ta Allah ce, amma wannan ita ce hanyar da aka sani. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ko farawa ba a yi ba.

A hanyar dawowa na ce wa mahaifiyarta ta fara da abu mai sauƙi, shara, wanke-wanke, aike zuwa maƙwabta. Matar nan ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malama, sunan Hajiya ne da ita fa, mahaifiyar maigidan. Shi ya sa muke ce mata Ummi. Yaya zan aiki uwar mijina? Ko tsintsiya ban taɓa miƙa mata ba. In na ɗaga mata murya sai in ji kamar Hajiya nake yi wa. Kuma a ɗakin Hajiyar take kwana, a kwanonta take ci."

Na koma wurin Alhaji Sani, shi ma ya ce, "Malama, ni ɗa ne a gidan nan. Na faɗa, na sake faɗa. In Hajiya ta ce a'a, ni wane ne?"

Don haka na shirya na je gaida Hajiya. Tsohuwa ce 'yar firit, ta manyanta sosai, tana dogara sanda, amma idonta tar. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma.

"Maraba da Malama. Kun zo lafiya? Ya maigidan? Ya yara? Ya fama da 'ya'yan mutane?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya jikin Alhaji?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Sannunku da ƙoƙari."

Sai da aka kawo fura na sha, sannan na kwance mata abin da ke tafe da ni, na bi a hankali kamar mai taka filin da ba a tsince ba. Ta saurare ni har na gama. Sai ta miƙo mini tafin hannunta.

Ta ce, "Taɓa nan, 'yar nan."

Na taɓa. Kanta ce, tauri kamar ƙahon sa, bayan duk shekarun da ta yi a hutu.

Ta ce, "Dakau na yi a Gammo. Uban Sani ya rasu ya bar ni da shi a goye, da taɓarya na ciyar da shi, da ita na yi masa sutura. Tun assalatu nake kan turmi har rana ta take, geron wasu, furar wasu. Ranar da Allah ya buɗa masa na yi wa kaina alkawari, wadda ta ci sunana ba za ta san nauyin taɓarya ba. Gumin da za ta yi a duniya, na riga na yi mata shi."

Na ce, "Hajiya, ku gafarce ni, gumi kamar abinci ne, ba a ci wa wani."

Ta yi murmushi ta ce, "Ƙiba a jikin yaro ai rufin asiri ne. Wuya kuma na kusa cin ƙarfinsa, sabulun ne ba shi da kyau. A gaida mutan gida, Malama."

Na yi mata sallama na fito. Tsohuwar nan ba mugunta take yi ba, ƙauna ce tsagwaronta, kuma ƙaunar ce ke tura yarinyar inda ubanta ya faɗa. Na rasa ta inda zan ɓullo. Ina tafe ina tuna kantar hannun nan, sai maganar Baba Kofur ta faɗo mini, cewa a gaba ake ajiye abin da za a bi. Shi yara yake nufi, amma na ce bari in gwada a kan tsohuwa.

Lokacin an gama girbi, sabon gero ya shigo gari. Na bi maƙwabta na aro turame da taɓare, na ce duk matar da ke da surfe ta aiko, 'yan matana za su yi mata a lokacin wasa. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malama, makaranta ce nan ko gidan biki?" Na ce ya ɗaga taɓarya ya sauke na ɗan lokaci, in bai yi gumi ba in mayar. Ya ɗaga, ya ajiye, ya tafi yana murza kafaɗa. Na jera turamen a gindin katanga, daidai bayan ɗakin Hajiya. Sannan na zaɓo 'yan matan da ban taɓa ganin marasa iya daka kamarsu ba, 'ya'yan inji, na ce su yi lugude.

Lugude, ga waɗanda suka tashi a birni a cikinku, shi ne mata biyu ko uku su haɗu a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, sautin ya riƙa tafiya kamar kiɗa. Abin da 'yan matana suka yi kuwa, Allah ya kiyaye. Taɓare na karo da juna, wata ta daki bakin turmi, wata ta daki ƙasa, gero na tsalle, kajin unguwa suka samu walima. Ni kaina sai da haƙorana suka yi tsami. Ummi na gindin bishiya tana dariya har da hawaye.

Da farko Hajiya aikowa ta yi a rage hayaniya. Na ce a ce mata to. Bayan 'yan kwanaki muka ji murya ta saman katanga: "Wai wace ce wannan mai dukan bakin turmi? Za ku tsaga shi!" Na ce, "Yara ne, Hajiya, koyo suke." Na ƙara matso da turamen kusa da katangar.

Wata safiya muna cikin wannan ɓarna sai ga ta ta zagayo ta ƙofar makaranta, da sandarta da mayafinta, fuskar nan a murtuke. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba. Ta ce, "Malama, wannan cin mutuncin hatsi ne. Ba ni nan." Ta karɓi taɓarya a hannun wata yarinya, ta jinjina ta, ta ajiye, ta zaɓi wadda ta fi nauyi. Ta jingine sandarta a katanga, ta ci ɗamara da mayafin, ta gyara tsayuwa, ta yi bisimilla.

Na yi shekaru ina kallon jikin mutane yana motsi, amma ban taɓa ganin abin da na gani a safiyar nan ba. Saukar farko ma sautin daban ne, mai zurfi, sai da na ji shi a tafin ƙafata. Gadon bayanta da ya ranƙwafa ya miƙe. Tsohuwar da ta shigo tana dogara sanda ta tsaya cak a kan ƙafafunta, kafaɗa na juyawa, taɓarya na shiga tsakiyar turmi ba ta ko shafar gefe, ƙwayar gero ɗaya ba ta fita. Can sai ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke, ba tare da kiɗan ya yanke ba. Yara suka kewaye ta. Malamai suka fito daga azuzuwa suka tsaya. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, ina ta maimaita Allahu akbar a hankali. Shekara da shekaru aikin nan yana kwance a cikin tsokarta, bai tafi ko'ina ba.

Ta dakata tana haki kaɗan, idonta na ƙyalli. Ta ce, "Lugude ba na mutum ɗaya ba ne. Wa za ta karɓa mini?"

'Yan matana duk suka ja da baya, wa zai tsaya kusa da wannan? Sai na ji motsi daga gindin bishiya. Ummi ce ta taso, ta tsallake takalman da take gadi, ta zo ta ɗauki taɓarya.

Ta ce, "Takwara, ashe kin iya wannan kika ɓoye mini?"

Hajiya ta ce, "Ajiye. Ba naki ba ne."

Na san in yarinyar nan ta ajiye, shi ke nan, ba ni da wata dabarar. Jika ce da kaka, akwai wasa a tsakaninsu, don haka Ummi ba ta ajiye ba. Ta ɗaga da ƙyar, ta sauke, ta kuwa daki bakin turmi, ƙwas, gero ya watse. Wasu yara suka ƙyalƙyale da dariya.

Hajiya ta dubi masu dariyar, ta dubi jikarta. Na ga alkawarinta da sunanta suna kokawa a fuskarta. Sai ta ce, "Kai! Da sunana a kanki za ki daki bakin turmi a gaban jama'a? A Gammo a ji wannan? Raba ƙafafun. Sassauta hannun, ba faɗa kike da ita ba. Ke ɗagawa ce taki, ita ta san hanyar sauka. To, bi ni."

Suka fara, tsohuwa ta sauke, yarinya ta sauke, a karkace, a hankali, har sautin ya fara haɗuwa. Ba a jima ba gumi ya jiƙa hijabin Ummi, tana haki tana dariya. Hajiya ta ga gumin sarai. Ba ta ce a daina ba, cewa ta yi, "Saura kaɗan, surfen bai yi ba."

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya warware. Hannun Ummi ya tashi ya yi ruwa, ta yi kuka, ta yi fushi da ni na kwanaki. Daka kaɗai kuma ba ya isa, ƙofa kawai ya buɗe. Na bi ta a hankali kamar yadda ake bin na bayan layi, yau igiya kaɗan, gobe gaɗa, ina sauraron numfashinta, ina tsayar da ita kafin ta gaji ta tsani abin. Amma yanzu ina da mataimakiya a cikin gida wadda ba a yi mata musu. Hajiya ta sa masassaƙi ya yi wa takwararta taɓarya daidai tsawonta. Ta sallami mai babur, ta ce mai sunanta ba gurguwa ba ce. Lemon kwalba ya ɓace daga jaka, zoɓo marar suga ya maye gurbinsa, da ƙorafi da komai. Mahaifiyar ma ta samu baki, in za ta aike ta sai ta ce, "Hajiya ce ta ce." Suna zuwa Gwarzo ana dubawa, duk zuwa Sista sai ta ce a ci gaba, kada a saki. Hajiya kuma ta zama malamar lugude ta makarantarmu ba tare da kowa ya ɗauke ta aiki ba, tana zuwa tana zagin riƙon taɓaryar 'ya'yan mutane, su kuwa suna rububinta.

Sai da wani geron ya nuna aka girbe, ranar nan Hajiya ta aiko in zo. Na tarar da su a tsakar gida da hantsi, turmi a tsakiya, Alhaji Sani yana zaune a kujera an ɗora ƙafarsa a kan matashi. Idon nasa ya ƙara yin baya, da muryata ya gane ni. Bayan mun gaisa Hajiya ta kira Ummi, wadda ta ƙara tsawo, jikin ya ɗaure. Ta janye mata hijabi ta ce in duba. Baƙin nan ya washe, saura ɗan inuwa-inuwa, fatar ta kwanta.

Hajiya ta ce, "Malama, na dirji wuyan nan har ya yi jini. Ashe ta ciki ake wanke shi."

Alhaji Sani ya karkato da kai ya ce, "Da gaske ya fita? Ni ba na gani sosai."

Tsohuwar ta matso kusa da shi. Ta kamo hannunsa da hannunta mai kanta, ta ɗora a wuyan 'yarsa. Ya shafa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yana neman kaurin nan da ya sani, bai same shi ba. Ya sake shafawa, hawaye na zubo masa. Ni ma na kau da kai, don idona ya cika.

Can ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya goge fuska da hannun riga. "To me kuka tsaya yi? Ku koma kan turmin mana. Ni da wannan sautin na yi barci a goye a bayan Hajiya, ban san magani ba ne."

Suka koma, taɓarya biyu a turmi ɗaya, na fito na bar shi yana kaɗa kai yana bin luguden.

To, ga usur nan. Dogon da ya ce busawa ce kawai, matso ka karɓa. Amma ka fara cire takalmin, ga kwando can, filin ba a tsince shi ba tun da aka yi ruwa.